Gyara a Shafi na Ɗari Biyu da Tara

Litinin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ɗab'i, har da injin nan naku mai haɗiye ƙugiyar haruffa.

Na karanta littafin da ka aiko in duba, Gawa a Saman Bene. Shekara ashirin da biyu ke nan ina duba muku rubutu, shida ina kan ƙafafuna, sha shida ina kan keke, ban taɓa ƙin sa hannu a aiki ba. Wannan na ƙi.

Ka ce mini labarin bincike ne, akwai gurguwa a ciki, saboda haka ni ce daidai da shi. Na gode da karramawa. Ga abin da na tarar: an kashe attajiri a saman bene, matarsa da lakarta ta tsinke tana ƙasa a kan keke, ba wanda ya zarge ta. Sai a shafi na ɗari biyu da tara Sufeto ya yi kamar kuskure, ya zuba mata shayi mai zafi a ƙafar hagu. Ƙafar ta zabura. Ya ce, "Hajiya, tashi, wasa ya ƙare." Ta miƙe tsaye. Ashe shekara biyar ƙarya take yi.

Bari in fara da ƙananan laifuka. Matar nan ta yi shafi ɗari biyu a bakin taga da bargo a gwiwa tana kallon tsuntsaye, ba ta taɓa yin fitsari ba. Ni duk awa huɗu sai na zura roba, ko da wane ne zaune a falo. Ba ta taɓa dafa hannun keke ta ɗaga jikinta ba. Ni in na yi sakaci da wannan, gyambo ne zai buɗe a mazaunina, ba kuma zan sani ba sai an ji wari. An ce cinyoyinta luwai-luwai. Ka zo ka ga nawa, sanduna biyu. An ce tun da ba ta jin taɓawa ba ta jin ciwo. Tafin ƙafata da ko allura ka soka ba zan sani ba, yini yake yana ci da wuta kamar na taka garwashi. Direbanta kuma wai yana ɗaukar ta "kamar matashin kai". Maigidana bayansa ya tafi tun a shekara ta uku.

Za ka ce ai ƙarya take yi, shi ya sa. To likitan da ke cikin littafin fa, da mai aikin da ke mata wanka? Shekara biyar su ma tsuntsayen suke kallo?

Babban laifin shi ne shayin. Ka saurara, domin sau ɗaya zan faɗa. Ƙafar wanda lakarsa ta tsinke a tsakiyar baya tana motsi. Tawa tana harbi in ruwan sanyi ya taɓa ta, in mara ta cika, in taya ta faɗa rami, wani lokaci ma don ta ga dama. Saƙo ne ke tasowa daga ƙafa, ya tarar gada ta karye, sai guntun lakar da ke ƙasa ya yanke hukunci shi kaɗai, kai bai ma ji labari ba. Kazar da aka yanka tana tsalle, ban taɓa jin an ce ƙaryar mutuwa take yi ba. Da ni Sufeton nan ya zuba wa shayi, ƙafata za ta harba fiye da ta Hajiyarsa, in kwashi ƙuna ta wata biyu, in kuma ci gaba da zama inda nake. Kwafi nawa za ku buga? Kowane ɗaya zai shiga wani gida, wasu gidajen kuma akwai irina a ciki, da dangi masu buta a hannu.

Da iyakarsa ke nan, da jahilci ne kawai, jahilci kuwa shi nake ci da gyarawa. Abin da ya hana ni sakat daban ne. A cikin wannan shirme akwai abubuwa uku da suke gaskiya tsantsa, kuma nawa ne. Birkin hagu na keken Hajiya an ɗaure shi da robar tayar keke, ƙulli biyu. Haka tsohon kekena yake. A ƙarƙashin takalminta takardar kanti tana nan manne ba ta goge ba, tun da ba a taka shi. Haka nawa. Na uku, a shafi na tamanin, Hajiya ta mari gwiwarta ta hagu ta ce, "Gwaggo, zauna, ba da ke ake ba." Edita, wannan sunan ƙafata ne. A cikin ɗakina aka raɗa shi, ƙofa a rufe.

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya rubuta littafin nan ya shiga ɗakina, ya ga ƙafata tana motsi, ya fita yana ganin maƙaryaciya ce ni. Wane ne wannan da ya sa sunan Ɗan Kallo a bangon littafin? Ka ba ni sunansa na yanka. Na rubuto ne maimakon waya, don na san ka, a waya sai ka ce layi ba kyau.

Ka gaida uwargida. Na bar ka lafiya.

Jan Biro

*

Alhamis

Zuwa ga Malama Jan Biro,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ranki ya daɗe. Ina fatan maigida yana lafiya, da bayan nasa.

Takardarki ta iso. Na karanta a tsaye, sannan na nemi wuri na zauna na sake karantawa. Ke kika koya mini inda ake sa waƙafi, saboda haka ba zan yi jayayya da ke a kan laka ba. Na yarda da duk abin da kika faɗa, na kuma ji kunya, domin ni sai da na tafa a shafi na ɗari biyu da tara. Masu karatun irin waɗannan littattafai juyin ƙarshe suke saye, Malama. In aka cire shayin nan, ban san me zai riƙe littafin ba. Ko za ki ba mu shawarar wata hanyar da Sufeto zai kama ta?

Game da suna, alkawari kaya ne, ni kuma na ɗauka. Ba zan sauke shi a takarda ba, ba kuma zan sauke shi a waya ba, ko da layi yana da kyau.

Abu biyu zan iya faɗa ba tare da na ci amana ba. Na farko, ba ni na zaɓe ki ba. Marubucin ne ya sa sharaɗi. Ya ce a kai wa Jan Biro, in ta sa hannu a wannan shafi a buga, in ta ƙi a dakata. Na ɗauka sunanki ne ya kai masa, kamar yadda ya kai wa kowa. Na biyu, ina cewa "ya" ne saboda sunan da ke bango na namiji ne. Kada ki ɗora gini a kan wannan, kada kuma ki rushe.

Sauran abubuwan uku, birki da takalmi da sunan ƙafa, wataƙila dacewa ce. Duniya da faɗi, Gwaggo kuma ba gida ɗaya take ba.

Injin yana jiran littafin zuwa ƙarshen wata. Allah ya huci zuciyarki, ya ƙara lafiya.

Ɗalibinki har kullum,
Edita

*

Asabar

Auta,

Sallama da gaisuwa. Yaya mijinki da yara, yaya shagon ɗinki? Na gama gaisuwa.

Na haɗo miki da shafi uku da na kwafa daga wani littafi da aka kawo in duba. Ki karanta su kafin ki ci gaba. Kin karanta? To gurguwar da ke ciki, a ƙarshe an gano ƙarya take, tana iya tafiya, an kuma gane ne don ƙafarta ta motsa. Marubucin ya ɓoye sunansa, ya kuma ce ni lalle zan duba. Edita ya ce dacewa ce. Dacewa har da ƙulli biyu.

Na zauna na jera duk wanda ya taɓa shiga ɗakina. Mai gashin ƙashi ya san dalilin harbin ƙafa fiye da ni, ba zai rubuta wannan wauta ba. Yayanki, maigidana, rabonsa da littafin labari tun yana aji uku, kuma mutumin da ke rubuta "saidai" a haɗe ba zai cika shafi ɗari biyu ba tare da na kama shi ba. Mage, 'yar tawa, tun tana shekara goma take makarantar kwana, yanzu tana can asibiti, ɗakin gwajin jininsu. In ta zo kwana biyu take yi, daga ina kwana sai sai da safe, ba ta ma kallon keken. Saura wa?

Mutum biyu ne a duniya suka san sunan Gwaggo. Kin tuna ranar. Kina canza mini zanen gado, ƙafar ta tashi ta harbe ki a haɓa, na ce wannan Gwaggon maigida ce sak, ba a kira ta ba ta taso, ba a tambaye ta ba ta sa baki. Muka yi dariya har na kusa zamewa daga gado. Muka kuma yi alkawarin ba za ta fita ba, don in ta kai kunnen mai sunan, gidan nan ba zai zaunu ba. Ko yayanki ban faɗa wa ba.

Na kuma tuna littattafan rubutun nan naki masu bangon ruwan ƙasa, da kike cika su da labaran 'yan sanda kina ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Kina tsammanin ban karanta ba? Na karanta, har na gyara miki biyu a zuciyata.

Na san abin da na ci miki. Shekara biyu kika ajiye karatunki kika zo kika zauna kina juya ni kamar waina a tanda, kina wanke abin da ko uwa sai ta kau da kai. Ba ki koma makarantar ba. Ban taɓa tambayarki ko kin ji haushi ba, don ina tsoron amsar. In haushin ne, ki zo ki zage ni a fuskata, na cancanta, zan ma ba ki kujera. Amma ki gaya mini abu ɗaya. Duk lokacin da kike ɗaga ni, a ranki cewa kike da na so da na tashi? Hannun da ke cuɗa mini baya, mai shi tana ganin wasa nake?

Wannan nake so in sani. Littafin su buga ko su ƙona.

Ki gaida yara. Ki ba ni amsa a rubuce.

Yayarki

*

Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki, shago yana nan. Tun da ke kin gama gaisuwa a layi ɗaya, ni ma na gama.

Na karanta takardarki a kan keken ɗinki. Sai da na ɗinke wa wata mata hannun riga a wuya. Na yi kuka, sannan na yi dariya, yanzu kuma haushi nake ji, saboda haka ki gyara zama.

Ni? Ni zan rubuta gurguwar da ba ta fitsari? Yaya, ba a ɓoye wa mai wanka cibiya. Ni na san ranar da robar ta toshe kika yi ta gumi kanki kamar zai fashe. Ni na san safiyar bayan gida, da safar hannu, da awa guda da muke yi muna jira kina karanta mini jarida don kada mu kalli juna. Ni na ga gyambon nan na ɗuwawunki tun yana kamar ƙwayar wake har ya kai a sa dunƙulen hannu. Wallahi da ni na rubuta littafin nan, da sai mai karatu ya toshe hanci tun daga shafi na biyu. Kin ce kin karanta labaraina na ƙarƙashin katifa. To ai kin san ni ba na barin komai a waje.

Kuma wai ina ganin da kin so da kin tashi. Ni da na riƙa ɗaga ƙafafun nan kamar buhun yashi jiƙaƙƙe? Ni da na ga kin ƙone a cinya da kwanon miya ba ki sani ba sai da na ga fatar ta tashi? Haba Yaya. Ki zarge ni da sata, na fi yarda.

Maganar karatu, tun da kin tono. Eh, na ji haushi. Na yi shekara biyar ina jin haushi, ba ke nake jin haushi ba, direban motar da ta yi hatsari da ke ne, da likitan da ya ce a jira, da kowa. Ya wuce. Da kin tambaya da na faɗa miki tun tuni. Ke ce ba kya tambaya, sai dai ki yanke hukunci ki ja layi da jan biro.

Sunan Gwaggo kuwa bai fita daga bakina ba, Allah shaida. Ko mijina bai sani ba. Amma ki daina cewa mutum biyu, kamar a cikin kwalba muka yi shekara biyun nan.

Ke ce mai karatun. Kullum kina cewa marubuci ba ya iya ɓoye inda yake tsaye. To ki koma ki duba inda wannan yake tsaye, ki bar ni in warware hannun rigar mutane.

Ki gaida Yayana. Ki ce masa na ji an wanke shi saboda bai iya rubutu ba, ina taya shi murna.

Ƙanwarki da kika zarga,
Auta

*

Lahadi

Auta,

Sallama. Ki yafe mini. Ban iya wannan kalma ba, kin sani, saboda haka ki adana takardar nan, ba lalle ki sake ganin irinta ba.

Na bi shawararki. Na share teburin falo, na baza littafin, na ɗauki biro biyu. Duk inda aka faɗi ƙarya game da jikin Hajiya na sa ja, duk inda aka faɗi gaskiya na sa shuɗi. Yayanki ya leƙo ya ce ko jarrabawa nake makin, na ce eh, tawa.

Shuɗin bai fi goma sha ɗaya ba. Ƙullin birki. Takardar ƙarƙashin takalmi. Gashin da ke naɗewa a gindin ƙananan tayoyin gaba. Tsatsar da ke ƙarƙashin matakin ƙafa. Yadda idon sawu ke kumbura da yamma har igiyar takalmi ta nutse. Yagewar da ke ƙasan mazaunin keken, wadda ni kaina ban taɓa gani ba sai da aka kifa shi za a kai gyara. Tabon dunduniyata ta dama.

Kin ga abin da na gani? Babu ko ɗaya da ya wuce gwiwa. Fuskar Hajiya ta littafi ce, kafaɗunta na littafi ne, ɗakin wankanta babu shi ma sam. Amma daga gwiwa zuwa ƙasa ni ce, har tsatsa. Marubucin nan ba a tsaye yake ba, Auta. A ƙasa yake zaune. Duk abin da ya sani daga ƙarƙashin tebur ya gan shi, kuma tsohon keken ya sani, wanda na rabu da shi shekara goma sha uku da suka wuce.

Wa muka sa wa suna Mage don ba ta da wurin zama sai ƙarƙashin tebur da ƙarƙashin gado? Tana nan ashe ranar da muka raɗa wa Gwaggo suna. Muna ta rufe ƙofa, ita tana ciki.

Na kuma duba rubutun kansa. Shafi ɗari biyu da talatin, babu "sai dai" ko ɗaya a haɗe, babu ƙugiya ko ɗaya da ta faɗi. Ni na koya mata, a kan wannan teburin. Da makamina ta zo mini.

'Yar da na haifa, mai aiki a asibiti, wadda in ta so sanin dalilin harbin ƙafa tambaya ɗaya za ta yi a ƙofar da ke kusa da tata. Ta zauna ta ƙera mace da ƙafafuna, ta mai da ita maƙaryaciya mai kisan kai, sannan ta ce a kawo mini in sa hannu. Na ɗauki waya sau huɗu na ajiye. In na kira ta yanzu, abin da zan faɗa ba zai gyaru ba.

Kin ce ba na tambaya. Ga shi ina tambaya. Me na yi wa yarinyar nan?

Yayarki

*

Talata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na yafe, na kuma sa takardar a cikin akwati tare da takardun haihuwar yara.

Ban san Mage ce ba, amma da na karanta shafukan nan ita ta faɗo mini a rai. Kin tambaya, zan faɗa. Wanzami ba ya son jarfa, amma ki daure.

Kin tuna watannin da dangin Yayana suka sa ki gaba? Gwaggo ta ce jikinki lafiya lau, zuciyarki ce ta mutu. Suka riƙa zuwa da ƙarti biyu su tsayar da ke su sake, wai tsoron faɗuwa zai sa ƙafa ta tuna aikinta. A karo na uku kika fasa goshi a bakin gado. Yayana ya rantse ba za a sake ba, aka samu lafiya da ƙyar. Daga nan kika fara ɗaure ƙafafun da ɗamara a jikin keke, kina sa doguwar riga, kika ce kada wanda ya ga motsin nan sai ni da shi.

Bayan haka da kamar wata biyu suka zo gaisuwa, falo ya cika, Gwaggo tana kan kujerar tsakiya. Kina bakin tebur. Ranar mun manta ɗamarar. Ina kawo ruwa sai na ga Mage ta fito daga ƙarƙashin tebur da rarrafe, har ta buga kai. Shekararta takwas. Tana tsalle tana ihu, "Umma ta warke! Ƙafar Umma ta motsa! Na gani, wallahi na gani!" Ta rungume gwiwarki. Ban taɓa ganin murna irin wannan a fuskar ɗan Adam ba, har yau.

Gwaggo ta ajiye kofi ta fara gyara mayafi za ta taso. Na ga idonki. Na san goshinki kike tunawa.

Kika ɓamɓare hannunta daga gwiwarki, kika ce, "Ba abin da ya motsa. Yarinyar nan ta fara ƙarya." Ta ce, "Umma na gani." Kika ce, "Ƙarya kike yi. Fita." Gwaggo ta ja kunnenta har ƙofa tana cewa ƙarya da rantsuwa tun yanzu. Sati biyu yaran dangi suna kiranta Na-gani.

Na same ta a bayan tankin ruwa. Ba kuka take ba. Ta ce, "Anti, ke ma ba ki gani ba?" Ni kuma na yi miki alkawari, sai na ce mata ina kicin. Wannan nawa laifin ne, na daɗe ina ɗauke da shi.

Na zaci za ki kira ta bayan sun tafi ki yi mata bayani. Ranar zazzaɓi ya rufe ki, aka kwana uku ana fama da ciwon mara, magana ta bi ruwa. Ba ta sake shiga ƙarƙashin tebur ba. Ke kika ce ta girma ne.

Kina cewa tambaya ɗaya za ta yi a asibitinsu. Yaya, ta yi tun tuni, na tabbata ta fi mai gashin ƙashi sanin sunan abin da Turanci. Ba ƙafarki take tuhuma ba. Ta san ƙafar ba ta yi ƙarya ba. Ta rubuta shafin da ta san ba za ki iya sa masa hannu ba, ta aiko wa mace ɗaya a duniya da ba ta iya ganin kuskure ta yi shiru. Na san kin rubuta wa Edita bayanin nan naki mai kyau, da gada da kaza da komai. Shi kuwa ba shi ya tambaya ba.

Allah ya ba ki sa'a. Kada ki yi ta da jan biro.

Auta

*

Juma'a

Mage,

Assalamu alaikum, 'yata. Ina fatan kina lafiya, aiki yana sauƙi. Babanki yana gaishe ki.

Na karanta littafinki sau uku. Na gaya wa Edita ya dakatar da injin, ba don na ƙi shi ba, don ni da marubuciyar muna da gyara.

Gyaran nawa ne, kuma ya makara da shekara goma sha biyar. Ranar nan a falo, ƙafata ta motsa. Ta hagu ce, sau biyu. Kin gani daidai. Ba ki yi ƙarya ba, ni na yi, a gaban mutane, na kuma bari aka ja kunnenki a kai. Ina da dalili, zan faɗa miki in kina so, amma dalilin bai mai da ke maƙaryaciya ba, bai kuma mai da ni mai gaskiya ba.

Tana motsi har yanzu, kusan kullum. Ba warkewa ba ce, ba za ta zama warkewa ba. Wannan ma ya kamata in faɗa miki tun ranar, kina rungume da gwiwata.

In kin samu hutu ki zo. Zan cire ɗamarar. Ki tambayi duk abin da kike so, daga gwiwa zuwa sama, har wanda ba a faɗa wa 'ya'ya. In ba ki shirya zuwa ba, ba zan yi fushi ba, ko in yi in haɗiye.

Allah ya yi miki albarka.

Ummanki